Tu-sita: kujerar da aka faɗaɗa don tufafi, aka laƙaba mata soyayya

Ranar da muka je sayen kujerun jeren ƙanwata, ni da Gwaggo, ba wanda ya ɗaga ido ya dubi tu-sita. Saiti aka yi ciniki: doguwa mai cin mutum uku, mai cin mutum biyu, sai ƙanana guda biyu. Gwaggo ta zauna a kan doguwar, ta danna soso da tafin hannu, ta shafa yadin sama da ƙasa, sannan ta dubi mai shagon.

"Ɗan nan, wannan farin ai ba zai yi wata uku ba."

"Hajiya, shi ake yayi. Amaren bana duk shi suke ɗauka."

"Amaren banan ne za su zo su wanke mata?"

Aka yi dariya, aka kuma ɗauki farin, don amarya ta riga ta turo hotonsa ta waya. Ita kuwa ta mutum biyun tana can gefe an jibga mata filallika, 'yar rakiya ce kawai. Bayan shekara uku na shiga falon, sai na tarar duk cikin kujerun ita ce ta ji jiki. A kanta ake shayar da yaro, a kanta maigidan ke miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo, a kanta maƙwabciya ke zama idan ta shigo da magana a bakinta. Doguwar tana nan kamar jiya aka sauke ta daga mota, tana jiran baƙin sallah.

Wannan kujera ita ce Turawan Ingila da Amurka ke kira loveseat, wato kujerar masoya. Jin sunan sai ka ɗauka wani kafinta mai taushin zuciya ne ya zauna ya ƙera wa saurayi da budurwa mazauni. Ba haka aka yi ba. An yi fiye da shekara ɗari ana ƙera ta kafin a raɗa mata wannan suna, kuma abin da ya sa aka fara faɗaɗa ta tufafin mata ne. Kowane zamani da abin da yake yanke mata faɗi, soyayya kuwa zuwa ta yi ta tarar.

A Turai ta ƙarni na 17 zama a kujera ba abin kowa ba ne. Talaka benci gare shi, ko akwatin katako da ake zuba kaya a ciki a zauna a kai. A Ingila akwai wani dogon benci mai doguwar majingina, ana girka shi kusa da murhu don ya tare iskar sanyi, katako ne zalla ba shimfiɗa. Kujera mai hannu ta maigida ce. A fadar Versailles ta Sarkin Faransa Louis na 14, wanda ya hau gado a 1643 ya mutu a 1715, abin har ya zama doka. A gaban sarki kujera mai hannu sai sarauniya ko wani sarki takwaransa. Matan da suka fi kowa girman sarauta su ne ke da alfarmar zama a kan 'yar kujera mara majingina, irin tamu ta tsugunno amma an lulluɓe ta da yadi mai tsada. Saura kowa a tsaye, kuma an sha yin gaba a kan wannan 'yar kujera. Wanda ya taɓa shiga fada a ƙasar Hausa, ya ga yadda kowane hakimi ya san wurin zamansa ba sai an nuna masa ba, ba zai yi mamakin wannan ba.

Zama mai taushi daga gabas Turawa suka gano shi. Kalmar sofa da suke kiran doguwar kujera da ita Larabci ce, suffa, ta bi ta hannun Turkawa ta shiga harsunansu. A gidajen Daular Usmaniyya wani dakali ne da ake shimfiɗa wa dardumai a jera matasai. Kalmar nan ce dai da ɗalibai suka sani a Ahlus Suffa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 17 masu kuɗin Faransa da Ingila sun fara sa a yi musu dogayen kujeru da aka cusa wa gashin doki aka rufe da yadi, kuma a daidai lokacin ne aka fara ganin wata kujera mai hannu da ta fi ta mutum ɗaya faɗi amma ba ta kai doguwa ba.

Dalilinta yana jikin matan. Tun a wancan lokacin rigunansu na da yalwar yadi, amma daga wajen 1710 har zuwa gab da juyin juya halin Faransa na 1789 aka shiga yayin wani abu da ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga, an yi shi da sanduna masu lanƙwasa ko wani abu mai kama da ƙashi da ake samu a bakin kifin whale. Gaba da baya a shafe, gefe da gefe kuwa a buɗe. Faransawa suka kira shi panier, wato kwando, don ya yi kama da kwanduna biyu da ake rataya wa dabbar kaya. Mu da mun gani da mangala za mu ce. Rigar shiga fada takan kusa kai mita biyu a faɗi, sai mace ta karkace za ta shige ƙofa. To wadda ta ɗauko mangala irin wannan, ina za ta zauna? Kafintocin Faris suka ja hannayen kujera baya don riga ta samu inda za ta zuba, suka kuma ƙera wata mai faɗi, gajeriya, mai zurfi, wadda aka sani da marquise. Idan ka gan ta yau a gidan tarihi za ka rantse ta mutum biyu ce. Ta mace ɗaya ce da rigarta.

Duk lokacin da na ga Alhaji ya sha babbar riga ta shadda mai sitati, ya shigo falo ya wuce ƙananan kujeru ya nufi tu-sita, ya baza hannayen rigar dama da hagu ya cika ta shi kaɗai, sai in ce a raina kujerar ta koma aikinta na asali.

Ingilawa ta wata hanya suka bi. Su sai suka ɗauki kujerun cin abinci guda biyu kamar an manne su, majingina biyu a jere, mazauni ɗaya, hannu a kowane gefe. A zamanin Sarauniya Anne, 1702 zuwa 1714, da katakon walnat ake yi, ƙafafun a lanƙwashe kamar ƙafar barewa: gwiwa ta fito waje, ƙwauri ya koma ciki. Sai sanyin 1709 ya kashe itatuwan walnat masu yawa a Turai, Faransa ta hana fitar da nata a 1720, Ingila kuma ta janye haraji kan katakon da ake kawowa daga yankunan da ta mallaka a 1721. Nan mahogani ya samu shiga. Daga Jamaika da makwabtanta ake jigilarsa, kuma bayin da aka kwasa daga Afirka su ne suka sare shi suka ja shi zuwa bakin teku. Wannan ba ya cikin abin da masu gwanjon kayan tarihi ke rubutawa a jikin takardar farashi. Katako ne mai ƙarfi da ke karɓar sassaƙa, shi ya ba kafintan Ingila Thomas Chippendale damar huda majingina kamar saƙa. Littafin zane-zanensa da ya fito a 1754 ya sa kafintoci har a Amurka suka riƙa kwaikwayonsa, shi ya sa yau idan an ce kujera Chippendale ce, salon ake nufi, da wuya a ce daga shagonsa ta fito. Da mahoganin Amurka ya yi ƙaranci sai 'yan kasuwa suka juyo ga danginsa na Afirka ta Yamma. Maɗacin nan da ake jiƙa sassaƙensa don ciwon ciki yana cikin wannan dangi.

Mai son rarrabe kujerun Faransa na wancan ƙarni ya dubi ƙafa, ya huta. Na zamanin Louis na 15 komai a lanƙwashe yake, ƙafa da hannu da saman majingina, an sassaƙa furanni da ganye, wani lokaci an shafa ruwan zinare. Na zamanin Louis na 16 ƙafafun a miƙe suke, suna sirancewa zuwa ƙasa, da tsage-tsage a tsaye kamar ginshiƙan gine-ginen Rumawa, don a lokacin an tono garuruwan Herculaneum da Pompeii da dutse mai aman wuta ya binne, kowa na sha'awar kayan da. Ƙaramar kujerar mutum biyu kuwa Faransawa suka sa mata causeuse, daga kalmarsu ta yin hira. Kujerar hira. Wannan sunan a ganina ya fi na Ingilishi gaskiya.

Ƙarni na 19 ne ya kawo sunan masoya, ya kuma sauya cikin kujerar gaba ɗaya. A 1828 wani Samuel Pratt ya yi rajistar sifirin na ƙarfe mai murɗe don kujeru a Landan. Kafin nan mazauni siriri ne, gashin doki a kan ɗamarar yadi mai kauri, mutum ya zauna a miƙe kamar mai jiran alƙali. Da sifirin ya zo dole mazauni ya yi kauri don ya samu wurin motsi, aka ƙara abin cusawa, aka riƙa ɗaure shi da maɓallai masu nutsewa don kada ya zame. Kujera ta yi ƙiba. A daidai lokacin masana'antu sun samar da sababbin masu hali a birane, 'yan kasuwa da ma'aikata, kowa yana son ɗakin baƙi da zai nuna ya samu. A wannan ɗaki ake karɓar mai neman aure, kuma a Ingila ta zamanin Sarauniya Victoria budurwar gidan mutunci ba a barinta ita kaɗai da namiji. Uwa ko wata dattijuwa tana zaune a kusurwa da ɗinkinta, kunnenta a buɗe. Kujerar mutum biyu ta ba su damar zama kusa su yi magana ƙasa-ƙasa a gaban ido. Daga nan sunan ya bi ta.

Sai aka ƙera wadda da gaske don zance aka yi ta, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Kujeru biyu ne a haɗe, ɗaya na fuskantar gabas ɗaya yamma, majinginarsu ta murɗe kamar harafin S, ta zama hannu ɗaya da ya ratsa tsakani. Idan mutum biyu suka zauna, kowa ya ɗan waiga sai fuska ta dubi fuska, amma ƙafafu suna ɓangare daban-daban, katako kuma ya raba jiki da jiki. Ana ce mata tête-à-tête, kai da kai. A Faransa ta zamanin Napoleon na 3, 1852 zuwa 1870, confident ake kiranta, abokin sirri. Har suka yi mai mazauni uku a zagaye kamar farfelar fanka, suka sa mata indiscret, wato mai sa ido, don na ukun yana jin komai. A gidan tarihi na Metropolitan da ke New York akwai wata ta wajen shekarun 1850 da ake jingina wa John Henry Belter, Bajamushen da ya ƙware wajen manna siraran faifan katako bisa juna, ya lanƙwasa su da tururi, sannan ya sassaƙa inabi da furanni a jiki. A dandalin birnin Mérida na Meziko kuwa har yau akwai irinta na siminti, farare, kowa ya zo ya zauna.

Wato kujera ɗaya tak da aka yi wa masoya, an yi ta ne don a ga juna a ji juna, kada a taɓa juna. Wanda ya yi zance a dakalin ƙofar gida, fitila a tsakani, ƙanwar budurwa tana kai-kawo da sunan an aiko ta, ya san wannan dabara ba sai an sassaƙa masa ita da katako ba.

Sauran salon wannan ƙarni ba sai an daɗe a kansu ba. A Jamus da Ostiriya, tsakanin 1815 da 1848, an yi Biedermeier, katako mai haske, ado kaɗan, kyan ƙirar itacen shi ne kwalliya. Michael Thonet ya lanƙwasa sandunan katako da tururi ya yi kujeru marasa nauyi masu mazaunin saƙa. Ingila ta ba duniya Chesterfield, ta fata mai maɓallai, hannu da majingina tsayinsu ɗaya. Yayin faffaɗar riga ma ya dawo bayan 1856 da wani keji na wayar ƙarfe da mata ke sawa, kafintoci suka sake rage hannayen kujeru.

Abin da ya raba ta zamani da ta da abu biyu ne, ƙarfe da soso. A 1928 Le Corbusier da Pierre Jeanneret da Charlotte Perriand suka juya kujera ciki ya koma waje: bututun ƙarfe mai sheƙi a fili, matasan fata masu kusurwa huɗu a cikinsa. Kamfanin Cassina na Italiya yana yin ta mutum biyu a wannan ƙira, kwafinta kuma ya cika ofisoshi. Sinadarin da ake yin soson kujera da shi Otto Bayer ne ya gano shi a Jamus a 1937, ya shiga kasuwa sosai a shekarun 1950. Aikin da mai cusa gashin doki ke kwana da kwanaki yana ɗinkewa, yanzu yanka ne da gam. Soso kuma yana karɓar kowace siffa. Tun kafin ya yaɗu ma mai zanen Sifaniya Salvador Dalí ya zana kujerar mutum biyu ja mai siffar leɓɓa. A 1956 kamfanin Herman Miller ya fitar da Marshmallow, faya-fayan matasai 18 a jere kan ƙarfe. 'Yan Denmark su suka fi fahimtar ƙaramar kujera, irin wadda Finn Juhl ya zana a 1941, mai siraran ƙafafu da majingina da ke zagayo mutum. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane sun koma ƙananan gidajen bene, iyali ya ragu, talabijin ta zama alƙiblar falo. Yanzu ɗaki ne ke yanke faɗin kujera. Klippan ta kamfanin IKEA, wadda ta fito a 1980, ta mutum biyu ce mai rigar da ake cirewa a wanke, an yi ta ne da gidan yara a rai.

Mu kuma da tabarma da buzu da darduma da tumtum muka saba, sai dakali a waje. Waɗanda suka tashi a gidajen ma'aikata za su tuna kujerun katako masu faffaɗan hannu, da matashi ɗaya na zama ɗaya na jingina, ana ɗauke su a kakkaɓe a shanya. Daga nan kalmar kushin ta zauna a bakinmu. Da kamfanonin soso suka kafu a Najeriya, irin Vitafoam a 1962, kafintan unguwa ya samu abin aiki, saiti kuma ya shiga cikin kayan ɗaki ya zama wajibin da ba a rubuta ba. Manyan kujerun nan masu ruwan gwal da sassaƙen furanni da ake kira royal, waɗanda ake shigowa da su daga Turkiyya da Sin da Masar ko a kwaikwaya a nan gida, jikokin kujerun Louis na 15 ne da suka yi ƙiba. Garin Dumyat na Masar ya shahara da su, har masu barkwanci suka laƙaba wa salon Louis Faruk, suka haɗa sarkin Faransa da na Masar a suna ɗaya.

A nan nake da ƙorafi. Ɗauki falon ciki da falo mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi. Doguwa tana cin bango kamar ƙafa 7, tu-sita ƙafa 5, ƙananan kowace ƙafa 3. Ƙafa 18 ke nan, ga bangon talabijin, ga ƙofar shigowa, ga ta uwar ɗaka. Kowace kujera tana shigowa cikin ɗaki kusan ƙafa 3, don haka idan an jera su fuska da fuska ƙafa 6 ta rage a tsakiya. A dasa tebur, sai a koma ratsawa a karkace kamar matan Versailles. Ba wurin shimfiɗa tabarmar cin abinci, ba wurin sallar mutum biyu. Kuma lissafin cewa saiti na ɗaukar mutum bakwai a baki yake. Tsakiyar doguwa ba mai son ta. Baƙi biyu kowa gefe yake kamawa. Suruki ba zai zauna kafaɗa da kafaɗa da surukinsa ba, ƙasa zai zame. Matan gida da yawa ma carpet ɗin da muke kira kafet suka fi so, su jingina da kujerar. Tu-sita biyu, a fuskanci juna ko a haɗa su a kusurwa, za su ɗauki mutanen da doguwa da ƙananan ke ɗauka, su bar fili. Na faɗa wa Gwaggo haka a mota, ta ce, "Kai dai ba kai 'yan ganin ɗaki za su yi da ba." Ban sake cewa komai ba.

A inda wuri yake, tu-sita tana da wasu mazaunai: ƙarshen gado a uwar ɗaka, ƙarƙashin taga, ɗakin karatu, ko ƙaramin ɗakin baƙi na waje. Faɗinta yakan kama daga santimita 120 zuwa 180. Wadda ta gaza 140 ta mutanen da ba sa jin kunyar juna ce. Tsayin mazauni daga ƙasa kamar santimita 43 zuwa 46 shi ya fi dacewa. Idan ya yi ƙasa kuma ya yi laushi, tsoho ya zauna sai an miƙa masa hannu. A kuma auna ƙofa kafin a biya kuɗi. Ni na taɓa sayen wata mai kumburarrun hannaye, ta iso gida da magariba ta ƙi shiga ta kowace fuska, ta kwana a tsakar gida an rufa mata leda, washegari sai da aka cire ƙyaure da madogararsa.

Kyan kujera a ciki yake, inda mai saye ba ya gani. Katakon da bai bushe ba zai ja jiki bayan hunturu ɗaya, kusoshi su saki, ta fara kuka. Gwaji mai sauƙi shi ne a ɗaga ƙafar gaba guda ɗaya kamar taƙi guda: idan ɗaya ƙafar gaban ta biyo ta, ƙashin kujerar na da ƙarfi; idan ta zauna a ƙasa, yana murɗewa. A leƙa ƙarƙashi a ga ko an sa ƙananan katakai masu tokare kusurwoyi. Wasu kafintoci da yankakkiyar tayar mota suke yin ɗamarar mazauni, kuma idan an ja ta da kyau ba laifi gare ta ba. Soso kuwa tauri daban, nauyi daban. Abin da ke sa ya daɗe shi ne yawan abin da ke cikinsa, kamar kilo 30 ko sama a kowace mita mai tsawo da faɗi da zurfi ɗaya. Amma akwai mai arha da ake zuba wa garin alli don ya yi nauyi a hannu, shekara ɗaya ya fara marmashewa. Ledar da ake sayarwa da sunan fata zafinmu ba ya raga mata, sai ta fara saɓulewa tana bin rigar baƙo. Karammiski yana da kyau a hoto, a watan Janairu kuwa shi da ƙura aminai ne.

Mai sha'awar tsohuwar kujera ta asali, ƙa'idar 'yan wannan kasuwa ita ce sai abu ya cika shekara 100 kafin a kira shi na tarihi. Yadin da ke kai ba hujja ba ne, don kusan duk wadda ta kai haka an sake mata riga ba sau ɗaya ba. Kifar da ita ake yi. Sawun zarton hannu a miƙe yake, ba daidai ba. Na inji mai juyawa yana barin layuka masu lanƙwasa, alamar ƙarni na 19 zuwa gaba. Sukurori masu kan gicciye sai a shekarun 1930 suka shigo kasuwa. Jerin tsofaffin ramukan kusa a jikin katako yana nuna sau nawa aka sake yadi. Kafintocin Faris daga tsakiyar ƙarni na 18 doka ta tilasta musu buga sunansu a ƙarƙashin kujera, sunaye irin Georges Jacob, sai dai 'yan jabu ma sun iya buga hatimi. Wani abin da ke rikita mutane shi ne a ƙarni na 19 an kwaikwayi salon Louis na 15 da na 16 ba adadi, kuma waɗannan kwafin su ma yanzu sun haura shekara 100. Tsofaffi ne na gaskiya, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne da na asali.

Wanda ya samu irin wannan ya kawo ta Arewa, hunturu ne abokin gabarsa. Katakon da ya rayu a ƙasa mai danshi, idan danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 sai ya tsuke, siririn faifan da aka manna a sama ya ɗago, tsohon gam na fatar dabba ya saki. A nisanta ta da taga mai rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, a ɗaga ta daga bangon da gara ke bi. Garin katako sabo a ƙarƙashinta alama ce ƙwaro na ciki yana aiki. Kada kuma a ba mai fenti ya kankare ta ya shafa sabon banish don ta yi ƙyalli. Duhun nan da shekaru suka bari a jiki shi ake saye. Ta gwanjo kuwa, ko ta shekara goma ce, a bi ɗinkinta da tocila kafin ta shiga ɗaki, saboda kuɗin cizo.

Tu-sitar ƙanwata bara aka kai ta gyara. Na tsaya kafintan ya farke ta a gabana. Soson ya zama gari, an cike hannayen da kwalin taliya, amma ya ƙwanƙwasa katakon da guduma ya ce, "Yallaɓai, wannan ƙashin zai kai jikoki. Soso da yadi kawai za a sake." Ya miƙo littafin yaduka. Na ɗauki hotuna na tura gida, ba a yi minti biyar ba waya ta yi ƙara. Gwaggo ce, ta ce a sa mai ruwan ƙasa.